Cajin motocin lantarki a Yamai: lissafin da ya kamata a yi kafin su cika tituna

Duk wanda ya taɓa kwana a Yamai cikin watan Afrilu ko Mayu ya san halin da wuta take shiga tsakanin sallar magariba da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Jama'a sun dawo daga aiki, masu hali sun kunna kilim, sauran sun kunna fanka, firijin da aka yini ana buɗewa yana ta nishi, teloli da masu sayar da ƙanƙara ba su tashi ba tukuna, sai ka ga hasken ɗaki ya dusashe, fankar da ke gudu ta koma tana juyawa kamar an tilasta mata. To a daidai wannan lokaci ne, idan al'amari ya bi hanyar da ya bi a wasu ƙasashe, mai motar lantarki zai shigo gida, ya rufe ƙofar gareji, ya jona motarsa, ya wuce ya yi wanka abinsa. Shi dai ya gama nasa aiki. Abin da ya rage yana kan wayar gidansa, da taransifomar unguwarsu, da tashoshin da ke Goru Banda da Gudel, kuma kowannensu yana da iyakar abin da zai iya ɗauka.

Wani zai ce ina mu ina wannan magana, ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kaɗai yake da wutar lantarki a gidansa. Amsar tana cikin yadda muke samun motocinmu. Mafi yawan abin da ke yawo a titunan Yamai na hannu ne, motocin da suka gama aiki a Turai ko Amurka ko Asiya, aka sauke su a tashoshin ruwa irin na Kwatano da Lome, aka koro su zuwa nan, saboda haka abin da waɗancan ƙasashe suke saya sabo a yau shi ne za a kasa mana a wuraren sayar da motoci nan da shekara goma ko sha biyar. A shekarar 2024 an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a duniya, wato sama da ɗaya cikin biyar na duk sababbin motocin da aka sayar, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka saye su. A Norwe kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin 2024 da batir kaɗai suke tafiya. A nahiyarmu ma an fara: Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai tun farkon 2024, birnin Kigali ya daina yi wa sababbin baburan haya masu shan mai rajista tun Janairun 2025, Dakar kuma ta buɗe layin manyan motocin safa masu batir mai tsawon kimanin kilomita 18 a 2024. A gida kuwa, wanda ya bi dogon layin gidan mai a Yamai cikin watan Maris na 2025, a ƙasar da take da matatar mai ta SORAZ a Damagaram tun 2011, ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da zai sa mutum ya yi sha'awar abin hawa da ba ya zuwa gidan mai ba.

Kafin a shiga lissafi akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma daga wannan cakuɗa ne mafi yawan gardamar take tasowa. Na farko shi ne yawan wutar da aka sha, wanda ake aunawa da kilowat-awa, shi ne kuma abin da ke zuwa a takardar biyan kuɗi. Na biyu shi ne ƙarfin da ake jan wutar da shi a lokaci guda, wanda ake aunawa da kilowat. Makiyayan Azawak, wajen Abalak da Cintabaradan, sun daɗe da sanin wannan bambanci a bakin rijiya. Rijiya tana iya shayar da garke ashirin a yini ba tare da ta ƙafe ba, muddin kowane garke ya zo a lokacinsa, amma idan duka ashirin ɗin suka rufto da hantsi ɗaya, ba guga ba igiya ba kwami da zai wadatar, ga turereniya, ga faɗa, alhali ruwan da ke ƙasa bai ragu ba. Shi ya sa suke da tsarin wa zai fara, wa zai biyo. Layin wuta ya ma fi rijiya tsanani, domin rijiya tana tara ruwa cikin dare, shi kuwa layin wuta ba ya ajiya: abin da ake sha a kowace daƙiƙa dole a samar da shi a wannan daƙiƙa, in ba haka ba injunan tashar su fara sassauta gudu ƙasa da zagaye 50 a daƙiƙa da aka tsara wutar a kansa, daga nan sai a yanke wata unguwa domin a ceci sauran.

Motar lantarki matsakaiciya tana shan kilowat-awa 15 zuwa 20 a kowace tafiyar kilomita 100. A ɗauka ma'aikaci yana yin kilomita 40 a yini, daga gida zuwa ofis, zuwa makarantar yara, zuwa kasuwa, zuwa gaisuwar rasuwa ko ɗaurin aure. Abin da zai sha kimanin kilowat-awa 7 ne, wato kwatankwacin abin da kilim guda ɗaya yake ci idan ya kwana yana aiki. Ko da motoci 10,000 ne irin wannan a birnin, jimillar abin da za su sha a yini megawat-awa 70 ne (megawat ɗaya kilowat dubu ke nan), abin da tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 za ta iya samarwa cikin kimanin awa uku na rana tsaka. Ta fuskar yawa, ke nan, abin ba mai tayar da hankali ba ne. Sai a duba ta ɗaya fuskar. Ɗaya daga cikin na'urorin cajin gida da ake yawan sakawa a Turai tana jan kilowat 7.4. Idan waɗannan motoci 10,000 aka jona su a awa ɗaya bayan magariba, za su nemi megawat 74 a lokaci guda, kusan duk ƙarfin tashar gazuwal ta Goru Banda da aka buɗe a 2017 da megawat 80. Idan kuwa aka baza cajin nasu cikin awa goma, megawat 7 ya ishe su. Motocin ba su canja ba, tafiyar da suka yi ba ta canja ba, kuɗin da za a biya a ƙarshen wata ma bai canja ba, amma nauyin da aka ɗora wa ƙasa ya bambanta sau goma. Ba lallai duka su jona a minti ɗaya ba, gaskiya ne, sai dai mutanen gari ɗaya al'adarsu ɗaya ce, lokacin tashinsu daga aiki ɗaya ne, lokacin sallarsu ɗaya ne, kuma wannan ya isa ya tara su a kan awa biyu ko uku mafi wuya a cikin yini.

Wannan nauyi zai sauka ne a kan tsarin da shi kansa a takure yake. Shekaru da dama yankin kogi, wato Yamai da Doso da Tilaberi, ya dogara ne da layin kilobolt 132 da ya taso daga Birnin Kebbi, yana kawo wutar Najeriya wadda tushenta madatsar Kainji, yayin da Maraɗi da Damagaram da Tawa suke sha daga layin da ya shigo ta Katsina zuwa Gazawa. Kafin watan Yulin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin wutar ƙasa NIGELEC yake rabawa daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka katse layin a farkon Agustan 2023 saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, har zuwa 2024 da aka ɗage shi. A cikin gida akwai tashoshin da ke ƙona mai, akwai tashar kwal ta SONICHAR a Anu Araren da ke ciyar da arewa, akwai tashar rana ta Malbaza mai megawat 7 a jihar Tawa tun 2018, da ta Goru Banda da aka ƙaddamar a Yulin 2023. Madatsar Kandaji, wadda aka tsara za ta ba da megawat 130, an daɗe ana jiranta. A irin wannan tsari, duk wani ƙarin kilowat da aka nema da daddare, bayan rana ta faɗi kuma layin waje ya cika, injin mai ne zai samar da shi.

Nan ne lissafin yake ɗan ba da kunya. Injin gazuwal yana ƙona kusan rubu'in lita, ko fiye kaɗan, domin ya fitar da kilowat-awa ɗaya. Idan aka haɗa da abin da ke zubewa a kan waya da abin da ke ɓacewa wajen caji, motar lantarki da aka cika da wutar irin wannan inji ta ci lita biyar zuwa shida na gazuwal a kilomita 100, abin da bai yi nisa da shan ƙaramar motar fetur mai lafiya ba. An gudu ba a tsira ba ke nan: hayaƙin ya tashi daga titi ya koma bakin tasha, kuɗin man kuma ya tashi daga aljihun direba ya koma kan kamfanin wuta. Habasha ta iya ɗaukar matakin da ta ɗauka ne domin wutarta daga ruwa take zuwa, ga madatsar da ta gina a kan kogin Nilu mai ƙarfin fiye da megawat 5,000, ga kuma man da take sayowa da kuɗin waje masu wuyar samu. Wanda ya kwaikwayi dokarta ba tare da ya duba abin da ke ƙarƙashinta ba zai sha mamaki.

Duk da haka, a ganina, inda abin zai fara fashewa ya fi kusa da gida. Tun kafin motocin su kai yawan da babbar tasha za ta ji su, taransifomar unguwa za ta ji su, domin motoci ba sa rarrabuwa daidai a cikin gari: unguwannin da ake da kuɗin sayen su nan za su taru, kuma nan ne dama kilim ya fi yawa. A ɗauki taransifoma mai ƙarfin kilobolt-amfiya 250, wato kusan kilowat 250, irin wadda ake ratayewa ko a gina wa ɗan ɗaki a bakin titi. Motoci goma kacal a kan kilowat 7.4 sun cinye kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinta. Taransifoma ba ta mutuwa nan take idan an yi mata lodi, tsufa take yi da sauri. Naɗin wayar da ke cikinta an rufe shi da wata irin takarda da aka jiƙa da mai, kuma ƙa'idar da injiniyoyi suke aiki da ita ita ce, da zarar wurin da ya fi zafi a cikin naɗin ya haura digiri 98, duk ƙarin digiri 6 yana ninka saurin lalacewar wannan takarda. An gina wannan ƙa'ida ne a kan ƙasar da matsakaicin zafinta a shekara digiri 20 ne, mu kuwa namu yana kusa da 30, a bazara kuma ana haura 40 kullum. Abin da ke ceton taransifomominmu shi ne ɗan hutun da suke samu daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da lodi ya ragu man ya huce. Mota da za ta kwana tana jan wuta da ƙarfi wannan hutun take cinyewa.

A cikin gida kuma lamarin ya fi haka kusanci. Gidaje da yawa a kan kilowat 3 ko 6 suka yi rajistar wutarsu, ma'ana na'urar caji mai kilowat 7.4 ita kaɗai ta fi ƙarfin gidan gaba ɗaya, tana jan amfiya 32 awa bayan awa ba hutawa. Mai motar da ya ga haka sai ya koma kan soket ɗin bango, wanda zai ba shi kamar kilowat 2, kuma nan ma akwai magana. Na taɓa tsayawa kan wani mai gyaran wuta yana kwance soket a wani gida da aka daɗe ana jona injin ɗumama ruwa a jikinsa. Daga waje farin roba ne lafiya lau, sai ɗan baƙi-baƙi a gefen rami ɗaya. Da ya juya bayansa, robar ta narke ta manne da bango, jan ƙarfen ya koma baƙi, yana taɓa rigar wayar tana marmashewa a yatsunsa kamar busasshen ganye. Ya yanko guntun wayar ya kankare ta da wuƙa ya nuna mini: launin jan ƙarfe a sama ne kawai, cikinta fari ne, kuma ba ta kai kaurin da aka rubuta a jikinta ba. Zafin da waya take yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bi ta cikinta, idan wutar ta ninka biyu zafin sau huɗu yake ninkawa, kuma injin ɗumama ruwa minti talatin yake yi ya tsaya, mota kuwa tana iya yin awa takwas. Akwai kuma batun wayar ƙasa, wadda ake binne sandarta domin ta kwashe wutar da ta ɓalle. Motoci da yawa ba sa karɓar caji idan ba su ji wannan waya da kyau ba, busasshen rairayin bazara kuwa ba ya wuce da wuta yadda damshin ƙasa yake yi, gidaje da dama ma ba a taɓa binne musu sandar ba.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hali sun gano cewa sarrafa lokaci ya fi sauƙi da araha a kan sake shimfiɗa wayoyin gari. A Birtaniya, tun ƙarshen Yunin 2022, duk na'urar cajin gida da za a sayar dole ta zo a saite ta yadda ba za ta yi caji daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe da ƙarfe 4 na yamma zuwa 10 na dare a ranakun aiki ba, sai in mai ita ya canja da hannunsa. Sun ƙara wata dabara mai kyau: kowace na'ura tana jinkirta farawa da wani ɗan lokaci da ba a ƙayyade ba, har zuwa minti goma, domin kada dubban motoci su faɗo kan layi a daƙiƙa ɗaya da zarar lokacin araha ya shiga. Wannan dabara ta fi mana amfani fiye da su, saboda mu muna da lokacin da kowa yake faɗowa tare, wato sa'ad da aka dawo da wuta bayan an ɗauke, firiji da kilim da famfon ruwa duk su tashi a lokaci guda. A Jamus, tun Janairun 2024, kamfanin rarraba wuta ba shi da ikon hana mutum saka na'urar caji da hujjar layi ya cika, amma yana da ikon rage mata ƙarfi zuwa kilowat 4.2 idan layin ya matsu, shi kuma mai na'urar a rage masa kuɗin layi. Kenya ta bi ta hanyar farashi: tun 2023 ta ware wa abin hawa na lantarki kuɗin wuta na musamman, shilin 16 a kan kilowat-awa, ya koma shilin 8 a lokacin da jama'a ba sa sha sosai.

Galibi dare suke tura mutane, kuma a nan ne ya kamata mu yi hattara da kwafi. Kenya tana da wutar tururin ƙarƙashin ƙasa ta Olkariya da ta iskar Turkana, waɗanda ba sa barci, har ta kan rasa mai sha da tsakar dare. Mu abin da muke da shi a wadace rana ce, daren bazararmu kuma ba dare ne na hutun wuta ba, domin ba mai kashe fanka ko kilim ya kwanta cikin zafin watan Mayu. Tsakar rana ma ba ta kuɓuta ba, tunda daga azahar zuwa la'asar ofisoshi da shaguna da gidaje duk suna neman sanyi. Lokacin da ya rage mai sauƙi shi ne daga hantsi zuwa kafin azahar: rana ta ɗaga, faranten sola sun fara bayarwa sosai, iska ba ta gama zafi ba, faranten kansu kuma sun fi aiki kafin su gasu. Da sanyin safiya ake kamun fara. To amma a wannan lokaci mota ba ta gida, tana ƙofar ma'aikata ko asibiti ko jami'a ko kasuwa. Wannan yana nufin wurin cajin da ya dace da Yamai shi ne inda mota take yini, kuma tsarin Turai na kowa da na'urarsa a gareji bai kamata ya zama shi ne ginshiƙinmu ba.

Lissafin rumfa yana ƙarfafa wannan ra'ayi. Filin da mota ɗaya take tsayawa yana kai murabba'in mita 12, wanda zai ɗauki faranten sola na kimanin kilowat 2.5, kuma a ƙarƙashin ranar Yamai wannan zai ba da kilowat-awa 10 zuwa 12 a yini, wato tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka, fiye da buƙatar ma'aikacin da muka yi misali da shi. Motar ta samu inuwa, wanda dama kowa yake nema har ana rige-rigen gindin bishiyar dogon yaro, batir ɗinta ya tsira daga gashin rana, layin unguwa kuma bai ma san an yi ba. Sharaɗin da ba a cika faɗa ba shi ne shara: ƙurar hunturu tana kwanciya a kan farante cikin ƴan kwanaki ta rage musu ƙarfi sosai, saboda haka duk wanda zai gina irin wannan rumfa sai ya sa albashin mai gogewa da kuɗin ruwa a cikin lissafinsa tun farko.

Ina ma ganin motar gida ba ita ce ya kamata a fara da ita ba. Babur ɗin lantarki batir ɗinsa kilowat-awa 3 zuwa 4 ne, yana kai mutum kilomita 70 ko fiye, kuma kamfanoni irin su Spiro a Benin da Togo da Ampersand a Ruwanda sun nuna cewa ba sai ɗan kabu-kabu ya tsaya jiran caji ba: yana zuwa shago ya ajiye batir ɗin da ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya wuce cikin ƴan mintuna. Ta fuskar layin wuta wannan tsari yana da wata fa'ida da ta wuce saurin aiki, domin ya raba lokacin da direba yake buƙatar wuta da lokacin da ake jan ta. Mai shagon yana iya cika baturansa da hantsi, ya dakata idan layi ya matsu, kuma wuri ɗaya ne sananne da za a iya ja masa waya mai kauri a sa masa ido, maimakon ɗaruruwan soket da ba wanda ya san halinsu. A garuruwa irin su Tawa da Ƙonni, inda babur shi ne motar haya, wannan ya fi kusa da rayuwar jama'a nesa ba kusa ba. Tasi ɗin Yamai kuwa, wanda zai iya yin kilomita 200 a yini ya sha kilowat-awa 35 ko fiye, shi ne ya fi kowa cin ribar barin man fetur, shi ne kuma ya fi wuyar tsarawa, domin safiyar da muke so a yi caji a cikinta ita ce lokacin neman kuɗinsa.

Tafiya mai nisa tana da nata hukunci. Daga Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kuma tsakanin kowane zango da na gaba kilomita 130 zuwa 150 ne, tazarar da kowace motar lantarki ta zamani za ta iya ci ko da kilim a kunne. Matsalar ita ce matafiyi ba zai zauna awa shida a Dogon Dutsi ba, caji mai sauri yake so, irin na kilowat 50 zuwa 150 ko fiye. Na'ura ɗaya mai kilowat 150 daidai take da gidaje hamsin masu kilowat 3 da suka kunna duk abin da suke da shi, kuma tana faɗowa kan layi ne farat ɗaya ta sauka farat ɗaya. A garin da ke wutsiyar dogon layi, wannan ya isa ya sa wuta ta yi ƙasa a unguwa guda duk lokacin da baƙuwar mota ta tsaya. Maganin da aka sani shi ne a ajiye babban batir a tashar, yana cika a hankali daga rana da layi, yana juye wa mota da sauri, kamar tankin da ake tara ruwan famfo mai ɗigo a cikinsa. Yana da tsada, kuma ba zai biya kansa ba sai motocin sun yi yawa, su kuma motocin ba za su hau hanyar ba sai sun tabbata yana nan.

Akwai wani abu da na tabbata zai ja hankalin mutanenmu fiye da duk wata maganar kare muhalli, wato cewa motar tana iya mayar da wuta. Batir mai kilowat-awa 60 zai riƙe fitilu da fankoki da firiji da talabijin na gida matsakaici kwana biyu ko uku, kuma motoci da dama na BYD da Hyundai suna zuwa da mafitar da ake jona kayan gida kai tsaye, mai ba da kilowat 3 ko fiye. Ga mutumin da ya gaji da ƙarar gurup da warin hayaƙinsa, wannan kaɗai ya isa dalilin saye. Amfanin a fili yake, haɗarin kuma biyu ne. Na farko, wanda ya jona motarsa da wayar gida ba tare da makunnin da ke raba gidan da layin waje ba, wutarsa za ta fita ta bi layin da ake zaton a mace yake, ta samu ma'aikacin da ya hau fal yana gyara. Na biyu, idan aka dawo da wuta, duk waɗannan batura da suka zube za su nemi cika a lokaci guda, a kan layin da bai gama farfaɗowa ba. A birnin Utrecht na Holan ana gwada tsarin da motocin haya suke mayar wa layin gari wuta da yamma bisa umarnin na'ura, amma wannan yana buƙatar kontar zamani mai ƙidaya shiga da fita, da sadarwa marar yankewa, da dokar da ta fayyace nawa za a biya mai mota. Mu matakin gida ɗaya da makunni mai kyau shi ne abin da ke gabanmu.

Sai batun bakin caji, wanda yake kama da ƙaramin abu har sai ranar da mutum ya isa tasha ya tarar bakin bai shiga ba. Turai tana amfani da Type 2 da CCS2, Sin tana da GB/T, tsofaffin motocin Japan suna da CHAdeMO, Amurka kuma tana komawa kan bakin Tesla. Ƙasar da take sayen na hannu daga kowace kusurwa za ta tara su duka, sai kasuwar Katako ta cika da mahaɗai marasa inganci da za a riƙa cusawa tsakanin mota da wuta mai ƙarfin da zai iya narka ƙarfe. Haka kuma ba kowane batir ne ya dace da zafinmu ba. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010, ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, kuma masu ita a jihar Arizona ta Amurka sun ga ƙarfin baturansu ya ragu da wuri saboda zafi. Irin waɗannan tsofaffin motoci su ne za su fi araha a kasuwar na hannu, su ne kuma za su fara isowa.

Abin da hukumar ARSE mai kula da sashen makamashi da kamfanin NIGELEC za su iya yi tun yanzu ba ya buƙatar biliyoyin sefa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Duk na'urar caji da ta haura abin da soket yake ɗauka a wajabta sanar da ita kafin a saka, domin a san wace taransifoma ce take tara su, a canja ta kafin ta ƙone. A tsayar da bakin caji ɗaya ga tashoshin jama'a, a kuma hana shigo da na'urar da ba za a iya saita mata lokaci ko rage mata ƙarfi daga nesa ba, domin bambancin kuɗinta da marar wannan fasaha kaɗan ne a wurin saye, amma babba ne idan an zo sauya dubbai daga baya. Farashi kuma ya bi agogo, a sauƙaƙa shi da hantsi a tsananta shi bayan magariba, abin da ba zai yiwu ba sai da kontar da ta san lokaci, wadda za a iya farawa da ita a kan masu caji kaɗai ba tare da an taɓa sauran jama'a ba. Kamfanin wuta ma yana da riba a ciki, domin a watannin Disamba da Janairu, lokacin da aka kashe kilim aka naɗe fanka, wayoyi da taransifomomin da aka saya saboda bazara suna zaune ne rabin aiki, kuma mai shagon batura da zai sayi wuta kowace safiya, rani da damina, ya kuma yarda a rage masa idan layi ya matsu, yana biyan wani kaso na kuɗin waɗannan kaya da a yanzu masu fanka da firiji kaɗai suke ɗauke da shi.